Sulaimanu Barau, Sarkin da Ƙasarsa da Sunan Garinsa Suka Zama Babban Birnin Tarayya

A ranar 3 ga Fabrairun 1976, shugaban mulkin soja, Janar Murtala Ramat Muhammed, ya sanar da 'yan Nijeriya cewa za a ɗauke babban birnin ƙasa daga Legas zuwa tsakiyar ƙasar. Kaso mafi girma na filin da aka keɓe domin wannan aiki ya fito ne daga masarautar Abuja, wadda Alhaji Sulaimanu Barau ya shekara 32 a kan gadonta a lokacin. Ba a jima ba sunan garin ma ya bi ƙasar: sabon birni ya ɗauki sunan Abuja, tsohon gari kuwa aka raɗa masa Suleja, daga sunan sarkin.

An haifi Sulaimanu Barau a 1903, shekara guda bayan Turawa sun ci garinsu da yaƙi, ya kuma rasu a 1979, lokacin da ake shirin aza harsashin sabon birni a gonakin da dā suke ƙarƙashin hakimansa. Wanda ya bi tarihin rayuwarsa zai ga yadda ƙasa guda ta riƙa sauya hannu tsakanin sarki, Bature, gwamnan jiha da Gwamnatin Tarayya, da kuma yadda manomin da ke zaune a kanta ya kasance na ƙarshe da ake tambaya a kowane zagaye.

Gidan da ya fito

Kakannin Sulaimanu Barau su ne sarakunan Zazzau na Hausa, waɗanda suka mulki Zariya kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Na ƙarshensu a birnin shi ne Muhammadu Makau, ɗan Isiyaku Jatau. Tarihin da ake bayarwa a Suleja ya nuna cewa rundunar masu jihadi, ƙarƙashin Malam Musa, ta tarar da shi a filin Idi a bayan gari, bai sami damar komawa cikin ganuwa ba, sai ya yi kudu da jama'arsa. Mutanen Abuja na dā sun ajiye wannan a 1804, wasu masana tarihi kuwa sun fi karkata ga ƙarshen 1808.

Makau ya yada zango a Zuba, ƙasar Koro, waɗanda tun dā suke bin Zazzau. Daga nan ya ci gaba da yaƙi har aka kashe shi a wajen Lapai a 1825. Ƙanensa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja saboda hasken fatarsa, shi ya gaje shi. A 1828 ya kafa sabon gari a bakin kogin Iku, garin ya ɗauki sunansa, aka kuma kewaye shi da ganuwa. Nan aka sake dasa sarautun Zazzau na asali, irin su Madawaki, Galadima, Wambai da Dallatu, sarkin kuma bai bar kiran kansa Sarkin Zazzau ba.

Abuja ba ta taɓa faɗawa hannun Fulani ba, kuma har yau abin alfahari ne ga mutanen Suleja. Sai dai ƙasar da masu gudun hijira suka kafa mulkinsu a kanta tana da mazaunanta: Koro, Gade, Gwandara, Bassa, Ganagana, da Gwarawa, waɗanda ke kiran kansu Gbagyi, kuma su ne mafi yawa. Wasu garuruwan sun bi sabuwar masarautar da amana, suna ba da gaisuwa ana kare su. Wasu kuwa sai da takobi. Sarki na uku, Ibrahim Iyalai, wanda ya hau a 1877, laƙabinsa Dodon Gwari, kuma laƙabin kaɗai ya isa shaida a kan irin zaman da aka yi a wancan zamani na hare-hare da kamun bayi.

A 1902 sojojin Birtaniya suka auka wa Abuja, bisa zargin cewa mutanenta na tare fatake a hanyar ciniki. Ibrahim ya rasa ransa a wannan karo. Turawa suka naɗa Muhammadu Gani, ɗan sarki na biyu Abu Kwaka. Shi ne mahaifin Sulaimanu Barau, ya kuma riƙe sarautar har 1917, sannan Musa Angulu, ɗan Ibrahim, ya hau.

Daga aji zuwa gadon sarauta

Sulaimanu ya tashi ne a lokacin da yawancin gidajen sarauta a Arewa ke ɗari-ɗari da makarantar boko, wasu ma suna tura 'ya'yan barorinsu a madadin nasu. Shi an kai shi makarantar lardi da ke Bida, daga nan ya wuce Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, inda ya shekara biyar ya fito da takardar malanta. Yana cikin rukunonin farko na wannan kwaleji, gaba da Ahmadu Bello, Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Balewa, waɗanda duk suka biyo baya.

Daga 1927 zuwa 1931 ya koyar a Keffi da Bida. A 1931 aka naɗa shi hakimin Diko, gunduma ce ta Gwarawa, wadda matafiya a hanyar Kaduna zuwa Abuja suka sani yau da mararrabarta. Aikin hakimi a wancan lokaci shi ne ƙidayar masu biyan haraji, tara kuɗin, sasanta rikicin iyakar gona da kai rahoto ga sarki da D.O. A nan ne ɗan sarkin ya zauna shekara biyar cikin manoman da kakanninsa suka mulka daga nesa, ya san ƙauyukansu da dagatansu.

A 1936 aka dawo da shi gari domin ya taimaka wa Sarki Musa Angulu, wanda tsufa ya kama, wajen tafiyar da En'e. Shekara takwas ya yi yana wannan aiki. Da Musa Angulu ya rasu a 1944, sarauta ta koma gidan Abu Kwaka, aka naɗa Sulaimanu Barau sarkin Abuja na shida, idan aka fara ƙirga daga Abu Ja. 

Sarautar malamin makaranta

Abu na farko da ake tunawa da shi a mulkinsa shi ne hana talakawa zuba wa kansu ƙasa a ka idan sun zo gaisuwa gaban sarki. Tsohuwar al'ada ce ta nuna ƙasƙantar da kai, ya kuwa kawar da ita. A 1947, da aka fara aiki da tsarin mulkin Gwamna Richards, yana cikin sarakuna huɗu da suka wakilci Arewa a Majalisar Dokoki ta ƙasa, tare da Sarkin Gwandu Yahaya, Sarkin Katsina Usman Nagogo da Atta na Igbira Ibrahim. Ga sarkin ƙaramar masarauta kamar Abuja, ilimi ne ya kai shi wannan kujera.

A zamaninsa ne aka rubuta tarihin masarautar. Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi suka tattara labarin Makau da magadansa da al'adun garin da Hausa, fassarar Turanci kuma ta fito a 1952. Da masanin nan M. G. Smith ya zo nazarin yadda aka mulki Zazzau kafin jihadi, ga bayanan Abuja ya dogara, domin a nan ne tsohon tsarin ya wanzu bayan ya sauya a Zariya.

Sarkin yana da sha'awar sana'ar hannu, kuma ya tara tukwanen matan Gwari a gidansa. A nan Baturen nan maginin tukwane, Michael Cardew, ya ga aikin wata mata 'yar ƙauyen Kwali, mai suna Ladi. A 1951 Cardew ya zaɓi Abuja domin kafa cibiyar koyar da ginin tukwane ta gwamnatin Arewa, a 1954 kuma Ladi Kwali ta zama mace ta farko da ta shiga cibiyar. Daga baya an baje tukwanenta a Landan, ta zaga Turai da Amurka tana nuna gwanintarta, kuma hotonta ne a bayan takardar naira ashirin. Ƙauyen da ta fito, Kwali, yana cikin yankunan da suka fita daga hannun masarautar a 1976.

Yadda ikon ƙasa ya riƙa suɓucewa

Kafin zuwan Turawa, ƙasa a masarautar Abuja tana da hawa biyu. Sarki ne mai ikon ƙasa a dunƙule, shi ake kai wa gaisuwa. Amma gona ta gidan da ya sare daji ce, ta gaji kaka da kakanni, dagaci ne kuma yake yanka wa baƙo wurin noma. Babu takarda a cikin wannan tsari. Shaidarsa ita ce itatuwan iyaka, kaburbura, wuraren tsafi a kan duwatsu da dattawan da suka san wane ne ya fara noma ina.

A 1910 Turawa suka kafa dokar da ta sanya dukkan ƙasar Arewa a ƙarƙashin ikon Gwamna, wai yana riƙe da ita amana domin 'yan ƙasa. Gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta wannan tsari da dokar filaye ta 1962. A aikace En'e ta ci gaba da kula da gonakin karkara, don haka talaka bai ji bambanci sosai ba, amma a rubuce ƙasa ta riga ta tashi daga hannun sarki da manomi duka.

Bayan juyin mulkin 1966 sauye-sauyen suka ƙara sauri. A 1967 aka raba Arewa, Lardin Neja ya faɗa cikin Jihar Arewa maso Yamma mai hedikwata a Sakkwato. Gwamnatin soja ta karɓe kotuna, 'yan doka da gidajen yari daga hannun sarakuna. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e ɗungurungum. Saboda haka lokacin da maganar sabon birni ta taso, Sulaimanu Barau dattijo ne mai shekara 73, mai girma a idon jama'a, amma kusan duk ikon da ya gada a 1944 ya riga ya koma wasu ofisoshi.

Shekarar 1976

A watan Agustan 1975 Janar Murtala ya kafa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda domin ya duba ko Legas za ta iya ci gaba da zama hedikwatar tarayya da ta jiha a lokaci guda. Kwamitin ya miƙa rahotonsa a Disamba, ya ba da shawarar a koma tsakiyar ƙasa. Hujjojinsa sun haɗa da cunkoson Legas, sauƙin isa wurin daga kowace kusurwa, wadatar fili, da kuma cewa yankin ba ya hannun ko ɗaya daga cikin manyan ƙabilun ƙasar uku. Ga ƙasar da ta fito daga yaƙin basasa shekara biyar kacal kafin nan, wannan hujja ta ƙarshe ta yi nauyi ƙwarai.

Doka ta 6 ta 1976 ta yanke fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,000 daga jihohin Neja, Filato da Kwara, ta mallaka shi kacokan ga Gwamnatin Tarayya. Bwari, Kuje, Kwali, Garki, Wuse da Gwagwalada duk suka fita daga masarautar Abuja. Har Zuba, inda Makau ya fara sauka, ta shiga ciki. Garin sarki da kansa aka bar shi a waje, cikin sabuwar Jihar Neja da aka ƙirƙira a rana ɗaya da sanarwar, abin da ya dace da manufar kada a ce babban birnin na wani sarki ne ko na wata ƙabila.

Dokar soja ce, ba ta bar wa kowa ƙofar ƙi ba. Abin da ya rage a hannun sarkin shi ne yadda zai karɓi al'amarin, kuma abin da mutanen Suleja ke bayarwa shi ne ya karɓe shi da hannu biyu, ya kwantar wa jama'arsa hankali, ya amince sunan da Abu Ja ya bari ya zama na ƙasa baki ɗaya. Ba a yi bore ba, ba a zubar da jini ba. Kwana goma bayan sanarwar aka kashe Murtala a Legas, amma gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ci gaba da shirin. Ma'aikatan farko na Hukumar Raya Babban Birnin Tarayya a Suleja suka yada zango, tun babu ko gini ɗaya a sabon wurin, kuma unguwar da suka zauna ita ce har yau ake kira Field Base.

Waɗanda ke zaune a filin

Sarki ya rasa gundumomi da haraji da suna. Waɗanda suka rasa gona da kufai kuwa su ne Gbagyi da maƙwabtansu. An tsara shirin ne bisa zaton cewa yankin kusan daji ne, mutanensa kaɗan, za a iya kwashe su gaba ɗaya a sake musu matsuguni a jihohin da ke kewaye da kuɗin gwamnati. Da masu bincike daga Jami'ar Ibadan suka zaga, sai suka tarar da ɗaruruwan ƙauyuka da jama'a fiye da yadda aka zata. Lissafin diyya ya fi ƙarfin abin da aka tanada.

A 1978 gwamnati ta sauya manufa: waɗanda aikin gina birni ya shafa kai tsaye su kaɗai za a tayar, sauran su zauna inda suke. Mutanen Wuse aka kai su Sabon Wuse a kan hanyar Kaduna, wasu suka koma Sabon Karu da Sabon Karshi. Waɗanda suka zauna kuwa suka wayi gari a kan gonakin da doka ta ce ba nasu ba ne, ana iya ba wa wani takardar mallakarsu a kowane lokaci, su a biya su kuɗin amfanin gona da na itatuwa da na gini kawai. A shekarar ce kuma aka kafa dokar amfani da ƙasa, wadda ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta, ta cire sauran abin da ya rage wa sarakuna.

Wannan saɓani tsakanin mai takarda da mai noma ya haddasa fitina a wurare da yawa a duniya, kuma mafi shahara shi ne na Falasɗinu. A can, dokar filaye ta Daular Usmaniyya ta 1858 ta wajabta rajistar gonaki. Manoma da dama, don gudun haraji da ɗaukar soja, suka bari aka rubuta gonakinsu da sunan attajiran birane. Da ƙungiyoyin Yahudawa masu neman kafa ƙasa suka fara sayen filaye, yawanci daga hannun waɗannan masu takarda suka saya. Gidan Sursuƙ na Beirut, alal misali, ya sayar da kwarin Marj Ibn Amir a farkon shekarun 1920, aka tashi ƙauyukan Larabawa da ke noma shi. Yahudawa, masu gudun tsangwamar Turai zuwa ƙasar da suke ɗauka mahaifar kakanninsu, suna riƙe da shaidar ciniki. Manoman Larabawa suna riƙe da shaidar zama da noma na ɗaruruwan shekaru. Alƙawarin Balfour na 1917, mulkin Birtaniya da shirin raba ƙasar na Majalisar Ɗinkin Duniya a 1947 duk a manyan biranen waje aka yanke su, kuma yaƙin 1948 ya raba Falasɗinawa kimanin 700,000 da gidajensu.

Al'amarin Abuja bai kai ko kusa da wannan ba. 'Yan ƙasa ɗaya ne, ba a yi yaƙi ba, kuma an ɗauki filin ne domin amfanin kowa. Inda suka yi kama shi ne a tushe: an zana taswira daga nesa, an ɗauki wuri mai mutane tamkar wofi, an kuma fifita rubutacciyar doka a kan haƙƙin da ba a taɓa rubutawa ba. Shi ya sa har yau, duk lokacin da birnin ya faɗaɗa zuwa wata sabuwar unguwa, sai an sake jin koken 'yan asalin wurin a kan diyya da matsuguni, kamar yadda aka yi a Kubwa da Apo.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Alhaji Sulaimanu Barau ya rasu a 1979, bayan shekara 35 a kan mulki, a shekarar da aka kammala babban tsarin ginin birnin. Ibrahim Dodo Musa, daga gidan Abu Ja, ya gaje shi. Bai ga ranar 12 ga Disambar 1991 ba, lokacin da Janar Ibrahim Babangida ya tare a Abuja, gwamnati ta bar Legas.

Masarautar da ya bari a yau ƙananan hukumomi uku ce: Suleja, Gurara da Tafa. Garin da ya ba da suna ya zama masaukin ma'aikata, 'yan kasuwa da masu sana'ar da hayar Abuja ta fi ƙarfinsu, da waɗanda rusau ya koro daga unguwannin birnin. Kowace safiya motoci ke kwasar su ta Madalla da Zuba, su wuce gindin dutsen Zuma zuwa wuraren aiki, su dawo da dare. Nauyin ruwan shansu, makarantun 'ya'yansu da hanyoyinsu yana wuyan Jihar Neja, kuma shugabannin jihar da na masarautar sun daɗe suna kiran Gwamnatin Tarayya ta dubi garin da idon rahama saboda abin da ya sadaukar.

A cikin Babban Birnin kuwa, sashe na 297 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya tabbatar da cewa dukkan ƙasar ta Gwamnatin Tarayya ce. Mazauna yankin ba su zaɓen gwamna ko majalisar jiha. Minista ne da Shugaban Ƙasa ya naɗa yake raba filaye. Jikokin manoman da hakiman Sulaimanu Barau suka ƙidaya a Garki, Bwari da Kuje suna nan suna neman a amince da haƙƙinsu a kan gonakin iyayensu. A fadar Suleja kuma, kusan shekara ɗari biyu bayan Abu Ja ya kafa garin, har yanzu Sarkin Zazzau ake kiran mai gadon, sunan ƙasar da aka raba kakanninsa da ita tun farkon ƙarni na 19.